Na shiga Bahar Maliya: na saman ruwa ya fi mini na ƙasa

Masu tambayata game da hotunan da na ɗora bayan dawowata daga Masar sun yi yawa, musamman ƴan Damagaram masu ƴaƴa ko ƙanne a Azhar da ke niyyar kai ziyara. To ga bayani wuri guda. Abin da na biya shi ne fitar yini ɗaya a jirgin ruwa daga Gardaƙa, garin da Turawa ke kira Hurghada, a bakin Bahar Maliya. Abu biyu ake sayarwa cikin jirgi ɗaya. Akwai shawagi a saman ruwa da gilashin fuska da bututun numfashi, akwai kuma nutso ƙasa da tukunyar iska goye a baya. Na yi duka biyun. Na farko ya ci kuɗinsa har da gyara. Na biyu kuwa da sauran magana.

Ƙanena da ke karatu can shi ya shirya komai. Daga Alƙahira tafiyar kusan awa 6 ce a babbar mota. Da safe aka ɗauke mu daga masauki zuwa jirgi mai hawa biyu, mai tsabta, da bayan gida, da abincin rana na shinkafa da kifi wanda ba laifi. Ba su ware wurin salla ba, amma da na tambayi matuƙin sai ya nuna mini alƙibla, ya sa yaronsa ya shimfiɗa mini tawul. Mai zuwa da iyali ya sani tun daga gida cewa yawancin fasinja Turawa ne, kuma shigarsu ta wanka ba irin wadda idonmu ya saba ba ce. Ana ba da hayar rigar roba mai rufe jiki har wuyan hannu da idon sawu, na kuma ga matan Misirawa sun shiga ruwa a rufe ruf, ba wanda ya kalle su.

Iyona bai wuce na kududdufin damina da muka yi muna yara ba, na kuwa faɗa wa jagoran haka ba kunya. Ya sa mini rigar da ke hana nutsewa, ya ba ni wata ƙawanya in riƙe, shi yana janta da igiya. Ruwan kansa yana taimako. Gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a kowace lita, alhali sauran tekuna kusan 35 ne, saboda zafi yana ƙafar da ruwan kuma babu wani babban kogi da ke zuba a cikinsa. Shi ya sa yake ɗaga mutum sama. Amma in ya shiga maƙogwaro, sai ka yi tari har hawaye.

Kusa da tsibirin Giftun aka tsaya. Da na kifa fuskata cikin ruwa, wallahi sai da na manta da bututun da ke bakina. Mu da muka san kifi a tarwaɗa da karfasa na Gidimuni da bandar da ake kawowa daga Diffa, ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa kifi yana da launi haka ba. Rawaya, shuɗi, ruwan goro, mai zane, mai ɗigo, suna kai da kawo a kan tudun murjani kamar kasuwar Dole ranar Alhamis, kowa da sabgarsa, ba mai kula ka. Kifin da ke cikin wannan teku ya haura iri 1,000, wasunsu ba a samunsu ko'ina sai nan. Wanda ya fi ɗaukar hankalina wani kore ne mai baki irin na aku. Yana gatsar murjani, kana jin ƙarar ƙus-ƙus a kunnenka ta cikin ruwa, can sai ka ga ya saki farin gari ta baya. Jagoran ya ce wani kaso na farin yashin bakin teku daga cikin wannan kifi ya fito. Akwai kuma ɗan ƙarami mai jiki ruwan lemo da farin zane, wanda ke zama cikin wata halitta mai harbi da ba ta harbinsa, in ka matso ya fito ya tare ka, shi da bai kai tafin hannu ba. A ƙasa kan yashi na hangi wani faffaɗa mai shuɗin ɗigo da doguwar wutsiya ya lafe. Murjanin ma ba dutse ba ne kamar yadda ido ke gani, ƙananan halittu ne masu rai, kuma ginin da suke yi a shekara bai wuce ƴan santimita ba.

Wata ƴar shawara ga maza: gemu ba ya hana komai, gashin baki ne ke sa ruwa ya riƙa tsiyaya cikin gilashi. A rage shi kafin a je, ko a shafa masa ɗan basilin.

Bayan azahar aka zo kan nutso da tukunya, nan ne raina ya soma ɓaci. An miƙo takardar lafiya da Turanci da Jamusanci da Rashanci, babu Faransanci, ana cewa a sa hannu da sauri. Ƙanena ya karɓe ta ya ce, “Yaya, dakata in karanta maka tukuna.” Ashe tambayoyi ne a kan asma da ciwon zuciya da juna biyu da tiyatar kunne. Ba wanda ya tambaye ni da baki ko ina da amosanin jini, cutar da ta yi yawa a ƙasarmu, wadda likitoci ke hana mai ita irin wannan nutso. Su sun saba da Jamusawa da Rashawa. Namu mutum sai ya tuna wa kansa.

Darasin da aka yi mana bai kai a kira shi darasi ba, a tsaye, inji yana ruri. Ga shi kuwa abin da ake koyarwar rai ne. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne jiki ya ninka na waje sau biyu, don haka iskar da ka shaƙa can ƙasa tana kumbura ninki biyu kafin ka iso sama. Wanda ya riƙe numfashi yana tasowa, huhunsa na iya yagewa. Kunne kuma sai kana toshe hanci kana hurawa a hankali tun daga mitar farko, in ba haka ba zafin ya fi ƙarfin haƙuri. Ɗaga babban yatsa a can yana nufin a fitar da ni, lafiya lau kuwa sai ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. Duk wannan a guje aka faɗa. Abin da ke cikin tukunyar, iska ce irin wadda muke shaƙa aka matse, kuma ɗan koyo ba a wuce mita 12 da shi.

Mu wajen mita 6 aka kai mu, ɗaya bayan ɗaya, layi na jira a sama. Malamin yana riƙe da tukunyata ta baya yana tuƙa ni. Ba zan ce babu daɗi ba. Jiki yana rasa nauyi gaba ɗaya, ba ka jin komai sai numfashinka, kuma na ga wani dogon kifi mai kama da maciji ya leƙo daga rami yana buɗe baki yana rufewa. Amma ja yana dushewa da an wuce mita 5, sai wurin ya koma shuɗi-shuɗi, bai kai armashin abin da na gani a sama ba. Rabin lokacin ma a durƙushe kan yashi ya tafi, ana ɗaukarmu hoto. Mai hoton yana marmasa burodi don kifi su taru, abin da aka hana a wurin da gwamnati ta keɓe. Wani fasinja ya taka murjani ya tsaya a kai, ba wanda ya ce masa kanzil. Da muka fito aka ce hotunan kuɗinsu daban.

Dolfin da aka cika takardar talla da hotonsa, daga nesa muka hango bayansa, jirage na bin sa a guje. Dabbar teku ce, ba mai iya yi maka alkawarinta, don haka kada a ƙara ko dala saboda ita.

Farashi da yuro suke faɗa wa baƙo, yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne, sai a yi lissafi kafin a amsa. Ana tayawa, kuma ɗalibi mai Larabcin Masar a baki yana samun ragi sosai. A tambaya tun a ƙasa ko hoto da hayar riga suna ciki, a kuma tambayi mutum nawa malami ɗaya ke riƙewa. Sannan wanda ya yi nutso da tukunya ba ya hawa jirgin sama sai bayan awa 12 aƙalla, in ya maimaita nutson kuma awa 18, saboda iskar da ta narke cikin jini tana bukatar lokaci ta fita. Wannan ma a cikin jirgin ba a faɗa ba. Ƙanena ne ya sani, shi ya sa ya ajiye tafiyar Gardaƙa a tsakiyar ziyarata, nesa da ranar tashina zuwa Yamai.