Gargaɗi: mai shirya tafiyar Santorini ya cinye min naira 4,850,000

Jama'a, duk wanda ya ga tallar "hutun kwana kaɗan a Santorini, biza da tikiti da otal duk a kanmu" tana yawo a Instagram, ko aka turo masa ita a WhatsApp, ya dakata ya karanta wannan kafin ya tura ko sisi. Naira 4,850,000 mutumin nan ya karɓa a hannuna. Ba mu ga Girka ba, ƙasar da tsibirin Santorini yake, ba mu ga biza ba, ko ƙofar jirgi ba mu gani ba. Naira 4,850,000. Ina rubutun nan hannuna yana rawa don takaici.

Tun kafin wani ya zo min da "ai kai ma ka yi garaje", bari in toshe wannan ƙofar. Ba yau na fara fita waje ba. Na je Dubai saro kaya, na je Umara, na san tikiti in na gan shi. Kuma ba a bakin titi na tsinci mutumin nan ba. Ƙanin abokin kasuwancina ne ya haɗa mu, ya ce mutumin ne ya shirya wa wani maƙwabcinsu tafiyar Turkiyya, ya je ya dawo lafiya. Yana da ofis a bene, da kujerun baƙi, da yarinya mai karɓar mutane a bakin ƙofa, ga takardar rajistar CAC a cikin gilashi an rataye a bango. Lokacin la'asar ya yi muna zaune, shi ya miƙo min darduma. To ku gaya min, me kuma mutum zai duba?

Abin da ya kama ni shi ne kwamfutar nan. Ya juyo min da ita, ya buɗe shafin kamfanin jirgin, shafinsu na gaskiya, na duba adireshin da idona. Ya rubuta lambar nan mai haruffa da alƙaluma 6, ya rubuta sunan mahaifina, ya danna. Sai ga sunana, ga sunan uwargida, ga ranar tashi, ga inda za mu sauya jirgi, ga lokacin sauka a Atina, babban birnin Girka. Ya ce, "Alhaji, ga shi ka gani da idonka, ni ba na aikin ɓoye-ɓoye." Ya ma ce in gwada a tawa wayar. Na gwada, ya fito. A wayata, da datata, da yatsana. Tun ranar da abin ya fashe nake ta juya wannan lokacin a kaina: yadda ya jingina da kujera, yadda ya tura min kwamfutar da yatsa biyu yana murmushi. "Ga shi ka gani da idonka." Wane ne zai ga sunansa a shafin kamfanin jirgi ya ce ƙarya ne?

Sai daga baya wani mai sayar da tikiti na ƙwarai ya yi min bayani. Wai abin da na gani ajiyar kujera ce kawai. Ana iya riƙe wa mutum wuri a jirgi ba a biya ko kwabo ba, sunansa ya fito tas a shafin, idan wa'adin ya cika ba a biya ba, ajiyar ta faɗi da kanta. Tikitin da aka biya yana da tasa lambar daban, mai alƙaluma 13. Na koma na duba takardar da ya ba ni, babu wannan lambar ko'ina. Mutum nawa ne cikinku suka san wannan? Ku faɗi gaskiya. Na tambayi 'yan kasuwa masu fita a kai a kai, yawancinsu ba su sani ba.

Tafiyar ba wata doguwa ba ce. Uwargida ta gama karatunta bayan shekaru tana fama da yara da makaranta, na yi mata alkawari zan kai ta inda take so. Ita kuwa tun da ta ga hotunan fararen gidajen nan da ke rataye a bakin dutse, da ƙubbobi shuɗɗa, da teku can ƙasa, ba ta da magana sai Santorini. Tsarin da ya rubuta mana, wallahi in ka karanta sai ka ji kamar ka riga ka isa. Kwana a Oia, garin da ake cincirindo don kallon faɗuwar rana. Yawo a Fira, babban garin tsibirin, a sauka tsohuwar tashar jiragen ruwa a motar igiyar nan da ke lilo a sama. Kwalekwale zuwa Nea Kameni a ga bakin dutse mai aman wuta. Akrotiri, tsohon garin da toka ta binne fiye da shekara 3,500 da suka wuce aka tono shi. Bakin teku mai baƙin yashi a Perissa. Har tafiyar ƙafa daga Fira zuwa Oia ya sa, kusan kilomita 10, na ce masa wannan kam a cire, gwiwata ba za ta ɗauka ba, muka yi dariya. Dariya muka yi da shi, jama'a. Yana dariya yana lissafin kuɗina.

A cikin tsarin akwai wani layi wai ziyarar gonar inabi da ɗanɗana giya. Na ce masa, Malam, mu da wa? Ya dafe kai ya ce, "Subhanallahi, Alhaji ka yi haƙuri, na Turawa ne yarinyar ta kwafo." Ya goge a gabana. Yanzu na gane duk takardar ma kwafo ta aka yi daga intanet. Amma a lokacin, amsa ce mai ma'ana, kowa zai karɓa.

Kuɗin kashi uku na tura. Na farko 1,500,000, wai na biza da inshora da riƙe ɗaki. Na biyu 2,600,000 na tikiti. A'a, bari, na tikitin ne ya fara, domin ranar kwamfutar nan a ofishinsa na tura, ina zaune alat ya shigo masa ya ce "ya shigo, ranka ya daɗe". To 2,600,000 ne farko, sannan 1,500,000. Na ƙarshe 750,000. Ku haɗa: 4,850,000. Rasit ɗin duka suna nan, zan ɗora su, ina rufe lambobin asusuna ne kawai.

Asusun da na tura ba na kamfani ba ne, na wani mutum ne, sunan ma ba nasa ba. Na san nan za ku tsaya. Na tambaya, ya ce asusun kamfanin banki ya riƙe shi saboda sabunta takardu, wannan na akawunsa ne. Mu da muke kasuwa, sau nawa ake ce mana "tura ta asusun yarona"? Kullum ne. Ni kaina abokan ciniki suna tura min ta asusun yaron shagona, ban taɓa cin kuɗin kowa ba.

750,000 ɗin nan ita ta fi ƙona min rai. Ya kira ni da daddare, murya a sanyaye, wai gwamnatin Girka ta sa sabon haraji a kan duk mai shiga Santorini, dole a biya kafin a ba da biza, in ba haka ba takardunmu za su koma baya. Ya turo min labarin, na karanta, na ga da gaske akwai maganar haraji. Ashe harajin da aka fara a 2025, yuro 20 ne a lokacin cunkoso, kuma a kan masu sauka daga manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa ne a Santorini da tsibirin Mykonos. Mu da za mu zo ta Atina bai shafe mu ba ko kaɗan. Akwai wani harajin na kwana, shi kuma a otal ake biyansa, hannu da hannu, in ka je. Yuro 20 ya mayar min naira 750,000. Kuɗin bizar Shengen ɗin ma, wato bizar da ake shiga Girka da ita, yuro 90 ne ga babba tun watan Yuni na 2024. Ku buga a canjin yau, mutum biyu, ku ga abin da ya kama, sannan ku tuna 1,500,000.

Maganar bizar kuwa, ya ce ya samo mana ranar zuwa ɗaukar hoton yatsu, ya turo takarda mai tambari da lokaci da komai. Ranar ta matso ya ce an ɗaga. Ta sake matsowa ya ce an sake ɗagawa, wai saboda girgizar ƙasa an tsayar da masu zuwa tsibirin. Ya turo bidiyon mutane suna tururuwar shiga jirgin ruwa da jakunkuna. Bidiyon gaskiya ne, an yi ta girgizar ƙasa a yankin a farkon 2025, an rufe makarantu, dubban mutane sun bar tsibirin. Amma tsohon labari ne, an daɗe da komawa harkoki, shi ya tono shi ya kawo min a matsayin na jiya. Har addu'a na yi wa mutanen. Har godiya na yi masa da ya sanar da ni da wuri.

Ko da yake kafin wannan ne ma, ko bayansa, na manta, abin ya cakuɗe min, na ce ya ba ni lambar otal ɗin in tambaye su maganar abinci. Ya yi ta hanya-hanya. Ɗiyar yayata ce, wadda ke jami'a, ta ce "Kawu, kawo in gani", ta nemo otal ɗin ta aika musu saƙo. Suka amsa cikin ladabi cewa e, an taɓa kama ɗaki da sunana, irin kamun da ake sokewa kyauta, kuma an soke shi tun tuni, ba a biya komai ba. Hoton ɗakin da ya turo mana kuwa, mai ɗan wurin wanka a baranda yana kallon teku, suka ce ba nasu ba ne. Yarinyar ta bi sawunsa ta gano na wani otal ne a Imerovigli, wani gari a tsibirin. Ita ce kuma ta nuna min inda ya rubuta wai jirgin ruwa daga tashar Piraeus da ke kusa da Atina awa 2 ne zuwa Santorini, alhali mai gudun ma yana cin wajen awa 5, babban kuwa kusan 8. Jirgin sama daga Atina ne bai kai awa ɗaya ba. Ya rubuta wai daga tashar Athinios, inda jiragen ruwa ke sauke mutane a Santorini, zuwa Oia minti 5 ne, wurin da mota ke cin rabin awa ko fiye a kan hanya mai hawa da lanƙwasa. Mutumin da ya ce min ya je tsibirin har ya gaji da shi. Ni ban taɓa zuwa ba, ta yaya zan san awa nawa ne? Ai don haka ake neman wanda ya sani.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba, na ɗauki takardar ranar ɗaukar yatsun na tafi da kaina wurin da ake karɓar takardun biza. Mai gadin ƙofa ya duba jerin sunaye, ya sake dubawa, ya kira wani daga ciki. Wancan ya kalli takardar ya ce ba daga wurinsu ta fito ba. A gaban mutane. Ina tsaye da babbar riga da fayil a hannu kamar wanda aka kama da jabun kuɗi. A wurin na kira shi, ya ɗauka, ya ce "Alhaji ina cikin banki, minti biyar". Minti biyar ɗin ke nan har yau. Kafin magariba ya toshe ni a WhatsApp. Da na isa ofishin, an kulle, an cire allon suna, mai shagon ƙasa ya ce ba ni ne na farko da ya zo nemansa ba. Shafin Instagram ɗin yana nan, sunan kawai aka sauya, hotunan ƙubbobin nan shuɗɗa suna nan yadda suke, har da sabon farashi.

Wanda ya haɗa mu yanzu rantsuwa yake ta yi wai shi ma bai sani ba. Wataƙila. Ban ce da shi aka haɗa baki ba, amma maƙwabcin nan da aka ce ya je Turkiyya, na ce a haɗa ni da shi, har yanzu ana nemansa.

Abin da ya fi ciwo, uwargida ta riga ta gaya wa danginta. Ta ɗinka doguwar riga shuɗiya musamman don hoto, an yi mata lalle, ƙannenta har sun rubuto tsarabar da suke so. Ba ta ce min komai ba sai "Alhaji, ka bar wa Allah". Yayanta kuwa da muka haɗu a ɗaurin aure, a gaban jama'a ya ce, "Mutanen Girka, yaushe aka sauka?" Aka yi dariya, ni ma na yi, me zan ce? Na bar wa Allah, amma Allah ya isa tsakanina da mutumin nan, kuma ban bar maganar ba. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na rubuta wa bankina, an ce kada in saki suna da lambar asusun tukuna, shi ya sa ba ku gan su a nan ba. Da zarar an ba ni dama zan ɗora komai: hirarmu ta WhatsApp daga farko, saƙonnin muryarsa, rasit uku, takardar bogin, da amsar otal ɗin. Akwai saƙon murya inda yake cewa "amana ce tsakaninmu, Alhaji". Za ku ji da kunnenku, sannan ku ce min ku da ba za ku yarda ba.

Mai son zuwa ya je, tsibirin ba shi da laifi. Ka nemi lambar tikiti mai alƙaluma 13, ka kira otal da kanka ka ji ko an biya, biza kuma ka nema da ƙafarka, kada ka tura kuɗi asusun da ba sunan kamfani ba. Wanda kuma ya san an yi masa irin wannan, da kwamfuta da "ga shi ka gani da idonka", ya yi min magana ta akwatin saƙo, domin mai binciken ya ce yawanmu zai taimaka. Ni dai 4,850,000 ne nawa.