Kayan jona wa firji ruwa: tiyon na da kyau, amma ruwan tanki bai ishe shi ba

Wata uku ke nan da aka jona wa firjinmu mai ƙofa biyu ruwa a Hanwa, Zariya, da irin ƙunshin kayan nan da ake samu a Sabon Gari: farin tiyo mai kwatar inci, mahaɗai na turawa guda uku, ƙaramar filta, sai wani bawul mai allura da ake ɗaura wa fayif ya huda shi. Tiyon kam ba ni da ta cewa a kansa, bai karye ba, bai sa wa ruwa warin roba ba.

Abin da ya ƙona min rai shi ne, daga mai shago har takardar da ke cikin ledar, babu wanda ya ambaci ƙarfin ruwa. Firji irin wannan na buƙatar aƙalla psi 20, wato kusan bar 1.4 (psi da bar ma'aunan ƙarfin ruwa ne). Shi kuwa tankin sama, sai ya yi tsayin mita 10 kafin ya ba da bar 1. Namu mita 5 ne daga ƙasa, bakin da ake tarar ruwa a ƙofar firjin kuma ya ɗara mita 1, abin da ya rage bai wuce bar 0.4 ba. Kafin tanki kaɗai ya wadatar, sai an ɗora shi kusan mita 14 sama da firjin. Gida nawa ne a Zariya ke da haka? Yawancinmu burtsatse ko rijiya muke turawa tanki, masu samun ruwan gwamnati ma tankin suke fara cikawa.

Sakamakon kuwa, kofi ɗaya sai ya ci fiye da minti guda. Ƙanƙara na fitowa ƙanana, cikinsu rami. Mafi muni, bawul ɗin lantarki da ke bayan firjin da ƙarfin ruwan yake rufewa da kyau, idan ƙarfin ya gaza sai ya riƙa ɗiga, ruwan ya daskare a bakin bututun da ke cika farantin ƙanƙara har ya toshe shi. Mai wannan matsala zai ɗauka firjin ne ya lalace, alhali lafiyarsa lau. Maganin shi ne ƙaramin busta, wato injin ƙara wa ruwa ƙarfi, mai kunna kansa idan an buɗe ruwa, a sa shi a layin kicin. Amma a sani, da an ɗauke wuta ruwan zai koma yadda yake, sai fa in bustan na kan inbata ko sola.

Bawul mai allurar nan a ajiye shi gefe. Don fayif ɗin tagulla aka yi shi, mu kuma PVC da PPR ne a bangonmu. Ko ya huda, ramin ƙanƙane ne, yana ƙara rage ƙarfin da dama bai isa ba. A yanke ruwa, a sa ti, wato mahaɗi mai baki uku, mai rabin inci a layin ruwan sanyi ƙarƙashin sinki, a biyo shi da makunni nasa na kansa, sannan mahaɗin da ke ragewa daga rabin inci zuwa kwata. Farin tef a kan zaren mahaɗin da ake murɗawa kaɗai ake naɗa shi, ba a sa wa mahaɗin turawa.

Da aka sa busta har na fara yabon kayan, kofi na cika nan take. Sai ga yoyo. An yanke bakin tiyo da wuƙa a karkace, lokacin da ruwa ba ƙarfi bai nuna ba, da ƙarfi ya zo kuwa dare ɗaya ya isa katakon kabad ɗin ƙasan sinki ya sha ruwa ya kumbura. Laifin mai yanka ne, na yarda, amma mahaɗai uku baki shida ke nan, shuɗin kilif ɗin da ke kulle bakin kuma biyu kacal aka sa a ledar. Wannan rowa ce. Dole a yanke tiyo a miƙe da reza mai kaifi, a tura shi har ya wuce robar ciki ya tsaya cak, a ɗan jawo shi baya a ji ya kama, sannan a sa kilif. A shimfiɗa busasshiyar takarda ƙarƙashin kowane mahaɗi a kwana a duba.

Filtar ma ba ta burge ni ba. An ce wata 6, amma jan ruwan damina ya cushe ta kafin sati biyar. Gara a sa babbar mai inci 10 da ɗan ciki mai maikiron 5 (ma'aunin ƙanƙantar ramukan tacewa) a gabanta. Bayan kowane canji a zubar da kamar lita 10, ƙanƙarar farko da ta biyu ma a zubar.

A bar rarar tiyo kamar mita 2 a naɗe bayan firji don a iya jawo shi a yi shara, a nisanta shi da zafin kwamfireso da na murhun gas. Inda ya bi ta bayan kabad a zura shi cikin fayif ɗin wayarin, saboda ɓera na gwaguyarsa. Tiyon zan sake saya. Sauran kuwa ɗai-ɗai zan tsinto su, kuma sai na fara auna tsayin tanki.