Awon hawan jini a ƙauye: kemis ko asibitin sha-ka-tafi?

'Yar uwa, kin ce Baba yana ƙauye da hawan jini, asibiti sai an hau mashin an yi tafiya, ga kuma mai kemis a bakin kasuwa yana da na'urar awo, wanne za ku riƙe? Allah ya ba Baba lafiya. Na daɗe ina wannan jigila da Innarmu, bari in faɗa miki yadda na ga kowanne.

Wajen kusa, kemis ya yi wa asibiti fintinkau. Hawan jini ba a gane shi da awo ɗaya, sai an tara na kwanaki an duba. Dattijo zai iya ratsawa shagon sau biyu a mako in ya fito daga sallar la'asar, amma asibiti ko sau ɗaya a wata sai da lallashi, da damina kuwa hanya ce ma za ta hana. Akwai kuma mutanen da ganin farar rigar ma'aikaci kaɗai ke ɗaga musu jini. A gaban mai kemis, wanda Baba ya san ubansa, hankalinsa a kwance yake.

Matsalar tana wajen yadda ake awon. Wata ranar kasuwa na raka Inna wani shago. Saukarta daga mashin ke nan da tsakar rana, goro a baki, yaron shagon ya naɗa mata abin a kan hannun riga, tana ta gaisawa da masu wucewa. Na'ura ta nuna 168/100, ya ce, "Hajiya, jininki ya hau," har ya kai hannu kanta zai ɗauko magani. Na ce a bari ta huta. Da ta zauna a inuwa aka sake, sai ga 146/88. Ƙa'idar ba wuya: a zauna minti 5, a jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu bisa tebur daidai ƙirji, ba magana. Ba goro, ba taba, ba kofi na rabin awa kafin nan. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya. Na'urar da ake naɗawa a damtse ta fi ta wuyan hannu, kuma in abin naɗin ya matse mai kaurin damtse, lambar takan zarce gaskiya. Asibitin ma in layi ya yi tsawo a gaggauce suke yi, sai dai su an koya musu ƙa'idar.

Maganar magani kuwa ta asibiti ce. Yawancin shagunan da muke kira kemis a ƙauye ba su da ƙwararren mai harhaɗa magani. Lasisin da PCN, hukumar da ke kula da masu harhaɗa magani da shagunan magani a Najeriya, ke ba su na ƙananan magunguna ne irin su paracetamol, bai kai ga ɗora mutum a kan maganin hawan jini ba. Kowane magani da halinsa: amlodipine kan kumbura ƙafa, lisinopril kan kawo busasshen tari kuma ba a ba mai ciki. A asibiti za a iya duba fitsari da sukari, in an ga alamar ƙoda ta taɓu a tura shi gaba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne haɗin ciwon jiki da ake ƙulle wa tsofaffi a leda. Sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, su kuwa ɗaga jini suke yi, suna wahalar da ƙoda. Ga kuma sayen magani na kwana uku, ciwon kai ya lafa a daina. Hawan jini galibi ba ya nuna alama, lafawar ciwon kai ba sauka ba ce.

Don haka da ni ce, asibiti su rubuta magani, kemis ya riƙa awo. In lamba tana ta maimaita 140/90 ko sama, a koma asibiti ko ranar da aka ba shi ba ta zo ba. In ta kai 180/120, ko baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, a nufi babban asibiti nan take, kada a tsaya neman ƙwaya a shago.

Ki saya wa Baba littafin rubutu irin na 'yan firamare, mai kemis ya riƙa sa kwanan wata da lambobin biyu duk ranar da aka auna. Da shi zai riƙa zuwa asibiti. Ki kuma sa wani yaro a gidan ya riƙa ɗaukar hoton shafin yana turo miki ta WhatsApp duk Juma'a.