Kwana bakwai a kan Bahar Rum da yara uku da Hajiya

Tun da muka dawo, duk wadda ta zo yi mana sannu da zuwa tambayarta guda ce: "Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa?" Amsata ita ce ta biya. Sai dai in na tsaya a nan ban yi wa kowa adalci ba, don daɗin da muka ji a cikin jirgin ruwan yawon shaƙatawar nan a gida muka dafa shi wata biyar kafin mu tashi, wahalar da muka sha kuma kusan duk daga abin da muka yi sakaci da shi ne tun muna Kano.

Mu shida muka tafi: ni da maigida, da yaranmu uku masu shekara 13 da 9 da 4, sai Hajiya mahaifiyarsa. Kafin wannan karon ban taɓa shiga wani abu a kan ruwa ba in ban da kwalekwale a madatsar Tiga. A hutun Disamban 2024 muka yi tafiyar. Jirgin ya tashi daga Barselona ta ƙasar Sifen, ya tsaya Marsai a Faransa, sai Jenowa da Cibitabekiya da Palermo a Italiya, sai Baleta ta tsibirin Malta, ya yini guda a tsakiyar teku, ya komo inda ya ɗauke mu.

Biza ce ta fi cin ranmu. Duk waɗannan ƙasashe huɗu suna cikin yankin Shengen, saboda haka biza ɗaya ta wadatar, amma ba kowane ofishin jakadanci ake kai takardu ba. Ƙa'idar ita ce ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Ejan ɗin da ya sayar mana da tikiti ya ce mu kai wa Italiya tunda sau uku jirgin zai tsaya a can. Maigida ya zauna ya ƙirga, ya ga kwana biyu za mu yi a Barselona kafin shiga jirgi, biyu kuma bayan fitowa, ashe Sifen ce tamu. Da mun bi maganar ejan da an dawo mana da takardu bayan mun sha hanyar Abuja. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, na ƙasa da 6 kyauta. Babbar 'yarmu kuɗin manya ta biya. Jimilla Yuro 405, ban da ladan masu karɓar takardu, ban da inshorar lafiya wadda dole ta kai ta Yuro 30,000 a kan kowane mutum. An yarda a nema tun ana saura wata shida, kuma ina ba kowa shawara ya yi hakan. Mu mun bari sai Oktoba, na yi sati uku ba na barcin kirki, ga kuɗin jirgi mun riga mun biya.

Abu ɗaya da muka yi daidai shi ne isa Barselona da wuri. Ta Alƙahira muka bi, kuma akwati ɗaya bai iso tare da mu ba sai washegari. Da a ranar tashin jirgin ruwa muka sauka, da autanmu ya yi sati guda ba rigar sanyi. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa, ko a tashar farko ko a na hanya.

Wajen haɗa kaya na ji zafin barin kilishi da dambun nama, amma dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga waje. Na ɗauki yaji da garin citta da kanumfari. Na kuma saka buta biyu na roba, Hajiya na cewa, "'Yar nan, har da buta za ki kai Turai?" Na ce, "Hajiya, ki bari dai mu je." Banɗakin ɗakin jirgi ɗan mitsitsi ne, ba famfon tsarki, masan kuma da iska yake zuƙe abu, ba a jefa masa komai sai takardarsu. Ranar farko da ta fito daga alwala ta dube ni ta ce, "Allah Ya yi miki albarka."

Inda muka yi kuskure shi ne turare. Da muka shiga ɗakuna aka riƙa kawo akwatuna bakin ƙofa, na Hajiya shiru har bayan magariba. Sai ga takarda cewa a sauko bene na ƙasa. Na raka ta wani dogon ɗaki cike da akwatunan mutane, wani ma'aikaci ya ce ta buɗe. Ya ciro kaskonta na lantarki da ƙullin gawayi, ya ɗaura musu lamba, ya ba mu rasit, ya ce ranar sauka mu karɓa. Cikin ladabi ya yi, ya kuma bayyana mana cewa babu abin da ake tsoro a teku kamar gobara, shi ya sa dutsen guga da butar dafa shayi da kyandir duk an hana. Hajiya ba ta ce uffan ba sai da muka shiga lif, sannan ta ce, "Ɗakin da ba turare ai ba ɗaki ba ne." Humrar da ke jakata ce ta fid da mu, na riƙa shafawa a labule da matashi. Laifinmu ne, don jerin abubuwan da aka hana yana cikin takardun da aka turo mana, ba wanda ya karanta.

Kafin jirgi ya motsa sai da kowa ya je wurin da aka ware masa na taruwa in hatsari ya auku, aka nuna mana yadda ake ɗaura rigar ceto, aka jiyar da mu ƙarar gargaɗi: busa bakwai gajeru, ɗaya doguwa. Wasu fasinjoji suna ta gunaguni. Ni kam na kama hannun yara na sa sun haddace harafin wurinmu. A daren 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya tashi daga Cibitabekiya, tashar da mu ma za mu tsaya, ya daki dutse kusa da tsibirin Jiliyo, mutum 32 suka rasu, kuma waɗanda suka shiga a ranar ba a kai ga yi musu wannan atisaye ba. Bayan haka ne aka tsaurara doka, ya zama sai an yi shi kafin tashi ko da zarar an tashi.

Ɗaki biyu muka kama, don yawancin ɗakunan ba sa ɗaukar fiye da mutum huɗu. Namu mai baranda ne a bene na sama, can wajen goshin jirgi. Na Hajiya da 'yan mata biyu na ciki ne marar taga, a tsakiya, kuma ƙasa da namu sosai. Na ji kunyar wannan rabo har na roƙe ta mu yi musaya, ta ƙi. A daren farko, tsakanin Barselona da Marsai, inda iskar nan da suke kira mistiral take kaɗawa da sanyi, jirgin ya riƙa ɗagawa yana sauka. Ni da auta muka kwana amai, su Hajiya kuwa barcinsu suka sha. Ashe tsakiyar jirgi da ƙasa-ƙasa nan ne ya fi zama daram. Shayin citta ya taimaka, haka ma fita a kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, amma wanda ya san mota na juya masa ciki ya ga likita tun a gida ya riƙo magani. Asibitin jirgi kuɗi ne, kuma ba kaɗan ba.

Salla ita ce na fi damuwa da ita kafin tafiya. Maigida ya tambayi malaminsu, ya ce mu yi ƙasaru, amma a Malikiyya sassaucin haɗa salla biyu na tafiyar tudu ne, ban da ta ruwa; kuma in jirgi ya juya kana cikin farilla, ka juya ka bi alƙibla gwargwadon iko. Babu masallaci a jirgin. Manhajar alƙibla ta waya kuma ruɗewa take yi saboda ƙarfen da ya kewaye mu. Abin da ya cece mu wata tasha ce a talabijin ɗin ɗaki mai nuna taswira da inda jirgi ya sa gaba. Daga nan maigida yake lissafa gabas maso kudu. Filin da ke tsakanin gado da bango darduma ɗaya yake ɗauka, sai dai bi da bi. Da yake lokacin sanyi ne agogonsu daidai yake da na Najeriya, amma rana kan faɗi wajen ƙarfe biyar, la'asar da magariba kamar a manne, sai mutum ya kula.

Abinci akwai shi kamar a bakin ƙasa, sai dai ba duka ne namu ba. Wata biyu kafin tafiya na rubuta wa kamfanin ina neman naman halal, suka amsa cewa sun rubuta buƙatata. Da muka je babu wanda ya san da zancen. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai, don da sun ce babu tun farko da na san shirin da zan yi. Muka koma kifi da ƙwai da taliya da kayan lambu. Maigida ya tuna mana hadisin nan na cikin Muwaɗɗa game da teku, cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne, muka ci kifinmu hankali kwance. A ɗakin cin abincin dare tebur ɗaya ake ba iyali har ƙarshen tafiya, da mai hidima ɗaya. Namu Musulmi ne ɗan Indunusiya. Kullum kafin mu zaɓa sai ya sunkuyo ya sa yatsa a takardar: wannan da giya aka haɗa miyarsa, wannan akwai naman alade a ciki ko da ba a gani, wannan kayan zaƙin ma a bar shi. A dare na uku, ganin Hajiya ba ta cin abin kirki, ya kawo mata wani abincin Italiyawa na garin masara da suke kira polenta. Ta gutsura, ta ɗago kai ta ce, "Kai, wannan ai tuwon masara ne!" Na miƙa mata yaji. Daga ranar kullum sai ya ajiye mata.

Nama kuwa a Marsai muka ci shi. Akwai unguwar Nowai kusa da tsohuwar tashar ruwa, cike da mutanen Aljeriya da Tunisiya da Maroko, mahautan halal jere, ga kuskus da naman rago mai zafi.

Zancen kuɗi shi ne inda zan rage wa kamfanin maki. Farashin da aka tallata mana ya yi kyau, har da rangwamen yara. Abin da ba a faɗa da babbar murya ba shi ne kuɗin hidima da ake ɗora wa kowa kowane dare: Yuro 12 ga wanda ya kai shekara 12, Yuro 6 ga ƙananan. Mu shida, Yuro 60 ke nan a dare, 420 a sati. Ba na baƙin cikin ma'aikatan su samu, na ga irin aikin da suke yi daga asuba har tsakar dare, amma a faɗa wa mutum tun yana lissafi da naira. Ruwan gora na sayarwa ne, intanet ma haka da tsada. Katin da ake buɗe ɗaki da shi, shi ne kuma na sayayya, ba ka ganin kuɗi na fita sai daren ƙarshe. Na sa an rufe na yara tun ranar farko. Waya kuma a sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, in ba haka ba ta kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin ta cinye abin da ke ciki. Ban kuma ji daɗin yadda hanyar zuwa wasu wurare take ratsa gidan caca da mashaya ba. Sai da muka yi kwana biyu kafin muka gano benen da za mu bi mu kauce da yara.

Cikin garuruwan, Jenowa ce ta yara: gidan kifaye da aka buɗe a 1992 yana bakin ruwa, da ƙafa muka je. Rum kuwa na yi nadamar zuwanta. Tsakaninta da Cibitabekiya wajen kilomita 80 ne, ga gwiwar Hajiya, ga fargabar kada jirgi ya bar mu. Daga waje muka hangi Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, muka juyo a guje. Malta ce ta shiga raina. A jikin ƙofar wani kanti babbar 'yarmu ta tsaya tana karanta ranakun buɗewa da harshensu: It-Tnejn, It-Tlieta, L-Erbgħa, Il-Ħamis, Il-Ġimgħa, Is-Sibt. Ta juyo ta ce, "Umma, wannan ai Litinin, Talata, Laraba ne!" Harshen nasu daga Larabci ya samo tushe, inda mu ma muka aro sunayen ranakunmu, kuma ko da yake Kiristoci ne, Alla suke kiran Ubangiji.

A daren da muka bar Palermo muka nufi Malta na fita baranda ni kaɗai. Ruwan baƙi ƙirin, ba ka jin komai sai yadda jirgi ke keta shi. Sai na tuna kudu da nan kaɗan ne tsibirin Lampedusa, inda a Oktoban 2013 fiye da mutum 360 suka nutse a kwalekwale guda, kuma a wannan ruwan ne yaranmu da suka bi ta Agadas zuwa Libiya suke ƙarewa. Akwai ɗan maƙwabtanmu da ya tafi shekara shida ke nan, har yau uwarsa ba ta canza lambar waya ba. Na daɗe a tsaye ina yi musu addu'a. Da safe na faɗa wa Hajiya, ta ɗauko carbi ta fita barandar ita ma.

In Allah Ya sake ba mu iko za mu koma, don ban taɓa tafiya da yara da tsohuwa na huta irin wannan ba: sau ɗaya na kwance akwati, ban dafa ba, ban nemi mota da kaya niƙi-niƙi ba, kusan kullum kuma muka farka a sabon gari. Amma ɗakunan tsakiya zan kama masu ƙofa a tsakani, in nemi biza da wuri, in ware kuɗin hidima gefe tun a gida, zancen halal kuma sai na ga amsa a rubuce kafin in biya ko sisi. Ranar sauka Hajiya ce ta fara tuna mana da rasit. Muka karɓo kaskonta da lambarsa a jiki, har yanzu ba ta cire ba.