Bindiga mai sakata: abin da mai saye a Saudiyya zai duba kafin ya biya kuɗi

Duk wanda ya leƙa baje kolin shaho da farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad, ya ga yadda bindigogi masu sakata, wato waɗanda ake jan sakatarsu da hannu don ɗura kowane harsashi, ke jere, daga masu sauƙin kuɗi har waɗanda farashinsu ya kai na mota. Kafin a kai ga zaɓe, sai a san inda doka ta tsaya. 'Yan ƙasa ake ba lasisin mallakar bindiga, izinin farauta kuma ana neman sa ne ta manhajar Fitri ta Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa. A lokutan farautar da aka buɗe a shekarun nan, daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Janairu, bindigar iska mai lasisi aka yarje, don wasu tsuntsaye da aka lissafa. Barewa da mariri da akuyar dutse haramun ne a taɓa su, tararsu kuma mai nauyi ce. Saboda haka aikin bindiga mai sakata ga mai saye a Saudiyya shi ne filin harbi mai lasisi, ko tafiya farauta irin ta Namibiya da Afirka ta Kudu.

Da harsashi ake farawa, ba da sunan kamfani ba. Bindigar da ba ka samun harsashinta a shagon da ke kusa da kai ta zama sanda. .308 Winchester, wanda ya fito a 1952, shi ne ya fi samuwa a ko'ina, yana kayar da gadu da dangin barewa na Afirka da ake kira impala da kudu, kuma shurinsa a kafaɗa ba ya wuce kima. .30-06 ya ɗan fi shi ƙarfi, musamman da dalma mai nauyi, amma yana buƙatar doguwar sakata kuma ya fi shuri. 6.5 Creedmoor na 2007 ya fi su taushi a kafaɗa, iska ba ta karkatar da shi sosai, shi ya sa masu harbin allo daga nesa ke son sa. Mai niyyar ɓauna ya manta da duk waɗannan, domin ƙasashen Afirka da yawa ba sa yarda a farauce ta da harsashin da ya gaza .375.

Sakatar kanta iri biyu ce. Akwai wadda ke tura harsashi gaba kawai, sai ta kulle sannan ƙugiyarta ta kama gindin kwanso. Haka Remington 700 take, da Tikka T3x da Bergara B-14 da Howa 1500. Akwai kuma tsarin Mauser 98, mai babbar ƙugiya da ke riƙe harsashi tun daga fitowarsa daga gidansa har shigarsa bututu. Winchester Model 70 ta yanzu a kan wannan tsari take. Amfaninsa yana bayyana lokacin firgici: idan maharbi ya ja sakata rabi ya koma baya, sakatar da ke tura harsashi kawai tana iya barin sa a hanya, ta ɗauko na biyu su cushe. Ga mai harbi a fili ko mai bin impala, wannan bambanci bai kai a ƙara kuɗi dominsa ba.

Tikka T3x, ƙirar Sako ta ƙasar Finlan, ita ce ya kamata sabon mai saye ya fara dubawa. Sakatarta na zamewa ba tare da ƙagewa ba, ana ɗaga hannunta digiri 70 maimakon 90, don haka yatsa ba ya gogar madubin saiti. Kunamarta ana iya daidaita ta tsakanin kilo 1 da 2. Nau'in Lite bai wuce kilo 3 ba, kuma a nan aibinta yake: bindiga marar nauyi da .30-06 tana dukan kafaɗa, wanda ya sha duka kuma yakan fara runtse ido kafin ya ja kunama. Gidan harsashinta na roba ne, yana cin uku, na ƙari kuma ba shi da arha.

Howa 1500 ta Japan ta fi ta nauyi, sau da yawa kuma ta fi ta sauƙin kuɗi. Ƙarfe ne mai kauri wanda ba ya gajiya, nauyin nan kuma yana shanye shuri, abin da ke da daɗi a kan teburin harbi amma ba a hawan dutse ba. Bergara B-14 ta Sifen an yi ta a kan ma'aunin Remington 700, wato yawancin kunamu da gindaye (ɓangaren katako ko roba da ake dafawa a kafaɗa) da mazaunin madubi da aka ƙera wa 700 tun 1962 suna shiga mata. Mai son canje-canje daga baya, ita ce tasa. Savage 110 ba kowa ke son kamanninta ba, amma tana harbi daidai. Browning X-Bolt, mai ɗagawar digiri 60, ta fi su kyan gamawa, kuɗinta ma ya fi.

Yanayin ƙasar nan yana da nasa hukunci. A Jidda da Yanbu, raɓar teku mai gishiri tana cin baƙin ƙarfe cikin 'yan kwanaki idan ba a goge ba, don haka a nemi ƙarfen da ba ya tsatsa ko mai rufin Cerakote, wani shafe da ke kare ƙarfe daga tsatsa. Gindin katako yana kumbura da laima ya bushe da zafi, ya matsa bututu, saiti ya kauce. Na roba ya fi zama lafiya. A cikin sahara kuwa man shafa wa bindiga ne matsala, domin yashi na manne masa ya riƙa cin sakata. A goge ta ta bushe, a ɗan shafa maiƙo kaɗan a bayan haƙoran kullewa kawai. Kada a bar harsashi cikin motar da ke rana: albarushin da ya yi zafi yana ƙara matsi, alamarsa kuma hannun sakata ya yi tauri wajen ɗagawa. Siririn bututu ma yana zafi bayan harbi uku zuwa biyar, sai harsasai su fara watsewa, mutum ya zargi madubi alhali jira kawai ake buƙata.

A shago, a sa bindigar a kafaɗa ido rufe, sannan a buɗe. Idan sai an miƙa wuya ko an ɗaga kai kafin a ga ta cikin madubi, tsawon gindin ko tudunsa bai dace da mai ita ba. A zura takardar riyal a ƙarƙashin bututu, a ja ta har kusa da tushensa. In ta maƙale a hanya, gindin yana taɓa shi. Alkawarin MOA ɗaya da kamfanoni ke yi yana nufin harsasai su taru cikin kusan santimita 3 a mita 100, kuma da harsashi mai kyau ake gwada shi, ba kowane ba.

A ware wa madubi da zobbansa kasonsu tun farko, domin Howa da madubi nagari ta fi Browning da madubin banza. Madubi mai ƙarfin 3-9×40, wato mai girmama abu ninki 3 zuwa 9, ya isa farauta har mita 300. Kusoshin zobba ana ɗaure su da kusan Nm 2 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). In aka wuce, bututun madubin ya lotsa, in aka gaza, ya riƙa zamewa da kowane harbi.