Sau uku ina zuba gas, ashe tiyo ne ke yoyo

Tun watan Maris kilim ɗin Corollata, wato na'urar sanyaya mota, take wasa da hankalina. A zuba gas, in sha sanyi na sati biyu, sai wata rana da azahar ta huro mini iska kamar ta bakin tanda. Duk wanda ya san Maradi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san ba ƙaramin abu ba ne. Sau uku ina biyan jika biyar-biyar a wurare daban, ba wanda ya tambayi inda gas ɗin baya ya tafi.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wani ƙaramin gareji a wajejen Ali Ɗan Sofo. Na ce a zuba mini gas in wuce, maigidan ya ƙi. Ya ce, "Malam, kilim ba ta shan gas yadda mota ke shan mai. In ya ragu, akwai ta inda yake fita."

Ya ɗaga kapo, ya jona agogo biyu na auna matsin gas, shuɗi da ja, allura duk a ƙasa. Daga nan ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har ya tsaya kan wanda ya taso daga kwampireso zuwa kwandansa da ke gaban lagireto. Daidai inda roba ta haɗu da alminiyam, wurin ya yi baƙi, ƙura ta manne. Ya ce man kwampireso tare da gas yake zagayawa, shi ya sa duk inda ke yoyo sai ya yi maiƙo. Ya matsa iskar azot (nitrogen) a ciki, ya shafa ruwan omo, sai ga kumfa tana tashi a gaban idona. Wannan kaɗai ya isa in yarda da shi.

Zaɓi biyu ya ba ni: a aiko da sabon tiyo daga Katsina in jira kwanaki, ko a yanke tsohuwar robar a matse sabuwa da inji a kan ƙarfen. Na zaɓi na biyu, don aljihu. Ya gargaɗe ni kada in yarda wani ya ɗaure mini wurin da waya, matsin wannan layin ba na wasa ba ne. Ya canja zoben roba na bakunan biyu, ya sa inji ya zuƙe iska da damshi kusan minti 30, ya kashe, muka zuba wa allurar ido ba ta motsa ba. Sannan ya zuba gas ɗin kilim, R134a, da sikeli, gwargwadon abin da aka rubuta a ƙarƙashin kapo.

Inda na ji haushi shi ne lokaci. An ce in dawo bayan azahar, sai bayan magariba na karɓi makulli, kuma yaron garejin ya bar mini shatin hannu na baƙin mai a kujera. Rasit ma babu, sai "in ta yi wani abu ka dawo, Malam."

Yau sati shida, har Tasawa na je na dawo da iyali, gilashi a rufe. Duk ranar Juma'a in na gama wanke motar nakan shafa wurin da yatsa, har yanzu dai a bushe yake.