Chord na lissafi da chord na kiɗa: kama da wane ba wane ba ne

Ɗan'uwa, ka ce a ajin lissafi an koya muku cewa chord layi ne miƙaƙƙe da ke haɗa wurare biyu a bakin da'ira, da ka je wurin mai koyar da piyano kuma ka ji yana kiran sautukan da ake dannawa tare da wannan sunan. Kana tambaya ko asalinsu ɗaya ne. A'a, rubutu ne kawai ya haɗa su.

Na kiɗa labarinsa gajere ne. Turawan Ingila sun gutsure kalmar accord, wato jituwa, suka bar cord, don sautuka irin do, mi, so idan sun tashi tare kunne yana jin sun dace. Tushenta cor na Latin, ma'ana zuciya. Harafin h daga baya aka cusa shi, saboda masu rubutu sun ɗauka ai daga igiyar kayan kiɗa ta fito.

Abin da ya fi burge ni, igiyar kiɗan nan ta 'yan lissafi ce. Chord ɗinsu daga khorde ta fito, a Girkanci kuwa khorde hanjin dabba ne da ake busarwa a murɗe a ɗaura wa molo. Zana da'ira, ka ja layi daga wannan gefe zuwa wancan, ka duba da kyau: baka ne da tsirkiyarsa. Lanƙwasar ita ce bakan, layin shi ne tsirkiya, wadda ta ratsa ta cibiyar da'ira kuma ita ce mafi tsawo. Wajen shekara ta 150 miladiyya, masanin taurari Batlamus na Iskandariya ya raba wannan doguwar kashi 120, ya lissafa tsawon sauran tsirkiyoyin gwargwadon bakansu, daga na rabin digiri har zuwa na digiri 180, duk don auna tafiyar taurari. Larabawa ma kalma ɗaya suke faɗa, wato "watar", ko ta baka, ko ta molo, ko ta da'ira. Mu ma kalma ɗaya gare mu ga ta maharbi da ta mai garaya. Shi ya sa nake ganin da malaman lissafi za su riƙa cewa tsirkiya a aji, da yaro ya gane a zama ɗaya, ba sai ya yi haddar abin da bai taɓa gani ba.

Tafiyar ba ta tsaya nan ba. A Indiya, masanin lissafi Aryabhata a shekara ta 499 ya yi aiki da rabin tsirkiyar, kalmarsu kuwa jya, ita ma tsirkiyar baka. Larabawa suka ara suka ce jiba. Da yake ba a cika sa wasulla a rubutun Larabci ba, sai aka koma karanta ta jaib, wato wuyan riga ko inda ake sa kuɗi. A ƙarni na 12 masu fassara a Andalus suka mayar da ita sinus a Latin, ninkin tufafi, daga nan sine ta fito, wadda za ku haɗu da ita a darasin kusurwoyi. Wannan al-jaib ɗin ita ce Bahaushe ya ara ya ce aljihu.